Laravel, Next.js ko .NET: wanne ya fi cin kuɗi in aka yi lissafin shekara biyar?

Dan_Kurna_dev: Assalamu alaikum mutanen gida. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a harkar nan. Wata makarantar kuɗi ce, firamare da sakandare, ɗalibai sun kusa dubu, suna son fotal da malamai za su riƙa shigar da maki, a fitar da sakamako, iyaye kuma su biya kuɗin makaranta ta intanet. Mai makarantar ya karɓi farashi daga wuri uku, ni aka kawo wa takardun in duba saboda uwargida tana koyarwa a can. Na farko ya ce Laravel (tsarin gina shafin intanet da yaren PHP) da rumbun bayanai na MySQL zai yi. Na biyu ya ce Next.js (tsarin gina shafi da yaren JavaScript, a kan React) da Firebase (ma'ajiyar bayanai ta Google a intanet), wai shi ne na zamani kuma hostin ɗin, wato hayar wurin ajiye shafin a intanet, kusan kyauta ne. Na uku kamfani ne mai ofis da rajista, su ASP.NET (tsarin .NET na Microsoft, da yaren C#) da rumbun bayanai na SQL Server suka rubuta, kuma su suka fi tsada nesa ba kusa ba. Shi Alhaji lambar da ke ƙasan takarda kawai yake kallo. Ni kuma abin da nake so in sani, in aka tara komai na shekara biyar, wanne ne zai fi cin kuɗi? Don kowannensu cewa yake kayan aikinsa kyauta ne.

Sani_PHP: Wa alaikumus salam. Laravel kawai, a rufe maganar. Hostin ɗin cPanel (manhajar sarrafa hostin) na gida da naira za ka biya sau ɗaya a shekara ka manta.

Mai_Linux: Malam Sani ka cika sauri, ko tambayar ba ka gama karantawa ba. Dukkansu ukun ba ƙarya suka yi ba da suka ce kyauta ne, Laravel da Next.js da .NET ba wanda ake saya, saukewa kawai kake yi. Kuɗin yana wurin da za a ajiye abin, da wanda zai riƙa kula da shi, da kuma da wane kuɗi ake biyan hayar, naira ko dala. Wannan na ƙarshen shi ne ya kwantar da mutane da yawa. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, farkon 2024 ta haura 1,500. Sabar (kwamfutar da ke riƙe da shafin) da kake biyan dala 20 a wata ba abin da ya ƙaru a cikinta, amma daga dubu tara da 'yan kai ta koma dubu talatin da wani abu. Kai kuma ka riga ka sa hannu da kwastoma a kan naira.

BabanHanifa: Gyara kaɗan oga Mai_Linux, wa yake samun dala a 460 a lokacin? Bankuna sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya ma da yawa suka rufe gaba ɗaya, mu dai katin dala na manhajoji muke ɗurawa a farashin bayan fage wajen 750. To ninki biyu ta yi mana, ba uku ba. Amma dai zafin ɗaya ne.

Mai_Linux: Haka ne, na karɓa.

Next_Gen_Kd: Ni dai ban san me ya sa duk lokacin da aka ambaci Firebase a gidan nan sai a fara tsorata mutane ba. Firestore, rumbun bayanan Firebase, yana ba ka karatun bayani sau 50,000 da rubutu sau 20,000 kyauta kullum. Makaranta mai yara dubu ta ina za ta cinye wannan? Ko ta haura ma, 'yan sulallan dala ne a kan kowane karatu dubu ɗari. Ba ruwanka da saba, ba ruwanka da tashi tsakar dare saboda faifai ya cika, shiga da kalmar sirri ma an riga an gina maka. Lokacin difelofa ai shi ma kuɗi ne, kuma shi ne kuɗin da ya fi yawa.

Ummu_Safiyya: @Next_Gen_Kd a kan kuɗin karatu ina tare da kai, a wannan girman ba zai yi yawa ba. Matsalata da shi daban ce, ita ce siffar bayanan makaranta. Ɗalibi yana aji, aji yana da darussa, kowane darasi yana da gwaji na ɗaya da na biyu da jarrabawa, sai zango uku, sai a ce a fitar da wa ya zo na ɗaya wa ya zo na talatin, a haɗa jimillar shekara, a kwatanta JSS 2A da 2B. Wannan aikin SQL ne tsantsa, yaren tambayar rumbu mai teburi irin MySQL, layi kaɗan ka gama. A Firestore babu haɗa teburi irin wannan, sai dai ka kwafi bayani ɗaya a wurare da yawa ko ka rubuta Cloud Functions su riƙa lissafawa, kuma Functions ɗin sai ka koma tsarin Blaze na biyan kuɗi ka saka kati. Ran da shugaban makaranta ya ce a canza yadda ake raba maki daga 40 da 60 zuwa 30 da 70, wanda kuma wallahi za su ce, a nan za a ga kuɗin. Sannan mai takarda ta biyu ya ce hostin kusan kyauta, ina zai ɗora Next.js ɗin? In Vercel ne, kamfanin da ya yi Next.js ɗin, tsarin Hobby na kyauta ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba, Pro kuma dala 20 ne a wata kan kowane mutum. Ya rubuta wannan a takardarsa?

Dan_Kurna_dev: Hajiya bai rubuta ba. Abin da ya sa kawai "hostin: kyauta a shekarar farko".

Ummu_Safiyya: To ka tambaye shi shekara ta biyu.

Next_Gen_Kd: Ai ba dole sai Vercel ba ranki ya daɗe, Next.js yana tashi a kan kowace VPS, wato sabar haya da kai kake sarrafa ta, mai Node (manhajar gudanar da JavaScript a saba).

Sani_PHP: To ka ga ka dawo kan sabar da ka ce ba ruwanka da ita kenan 😂

Injiniya_Zazzau: Bari in ɗan kare na uku tunda na ga ba wanda ya kula su. Mutane har yanzu suna kallon .NET da idon shekarun baya. Tun 2016 da .NET Core ya fito buɗaɗɗe ne, yana gudu a Linux lafiya lau, kuma yana da sauri ƙwarai, ƙaramar saba ta ishe shi. Visual Studio Community ma kyauta ne ga ƙananan kamfanoni. Inda kuɗi yake shi ne in suka ce sai Windows Server da SQL Server Standard, wannan lasisin dubban daloli ne. Amma akwai SQL Server Express na kyauta, wanda kafin sigar 2025 iyakarsa 10GB ne kan rumbu ɗaya, makin yara dubu ba zai cika wannan ba ko a shekara goma in dai ba hotuna ake cusawa a ciki ba. Ko kuma su yi da PostgreSQL a wuce wurin. Don haka ɗan'uwa ka duba takardarsu da kyau, tsadar ta lasisi ce ko ta albashin ma'aikata da hayar ofis? In ta lasisi ce a ce su cire. In ta ma'aikata ce, to wannan wani abu ne kuke saya, wato in mutum ɗaya ya tafi akwai wanda zai ɗaga waya.

Dan_Kurna_dev: Injiniya na duba, akwai layin da suka sa "lasisin rumbun bayanai" amma ba su faɗi wane iri ba. Sannan akwai kuɗin kulawa na shekara shekara, su kaɗai ne ma suka sa wannan.

Injiniya_Zazzau: To a ganina su kaɗai suka gaya muku gaskiya a nan. Sauran biyun ma za su karɓi kuɗin kulawar, kawai sai abu ya lalace ranar fitar da sakamako za ku ji farashin.

Gwaggo_Tech: Ni duk gardamar nan tana ba ni dariya don kun bar inda kuɗin yake kuna faɗa a kan hostin. Ku ɗauko kalkuleta. Farashin Paystack, kamfanin karɓar biya ta intanet, na gama-gari kashi 1.5 ne cikin ɗari da ƙarin naira 100, iyakarsa naira 2,000. A ce kuɗin makaranta dubu 50 ne a zango, kowane biya 850 kenan. Yara dubu, zango uku, miliyan biyu da dubu ɗari biyar da hamsin a shekara. Wace saba ce a cikin ukun nan za ta ci rabin wannan? Kuma ko da Laravel aka yi ko da .NET ko da me, wannan kuɗin yana nan. Sai kuɗin tura saƙon tes ga iyaye, shi ma kowane ɗaya da farashinsa. Abin da ya kamata Alhaji ya zauna ya yanke shi ne wa zai ɗauki cajin, makaranta ko iyaye, kuma a nemi kamfanonin biyan kuɗin a ji ko suna da rangwamen makarantu kafin a sa hannu.

BabanHanifa: Gwaggo kin fasa ƙwai. Kuma iyayenmu na nan da yawa tiransifa za su yi kai tsaye su turo hoton rasit a WhatsApp ko an gina fotal ko ba a gina ba.

Sakkwato_Coder: Wanga batu na Gwaggo gaskiya ne amma ba shi aka tambaya ba. An ce wanne cikin ukun ya fi tsada. Ni abin da nake dubawa guda ne, in wanda ya gina ya samu aiki Legas ko ya bar ƙasar, wa zai karɓa? Kamar mota ce, in Toyota gare ka ko wane gari ta mutu maka akwai bakanike da kayan gyara, in kuwa wata baƙuwar mota ce sai ka jira a zo daga Kaduna. A arewa masu PHP sun fi yawa, duk wanda ya gama diflomar kwamfuta ya taɓa ta. Masu C# na kirki suna nan amma yawancinsu bankuna da manyan kamfanoni sun kwashe su, kuma ba za su zo gyaran fotal ɗin makaranta a kuɗin da Alhaji zai bayar ba. Masu React kuwa suna da yawa yanzu amma da zarar yaro ya ƙware sai ya fara neman aikin waje mai biyan dala.

Next_Gen_Kd: Yawan masu PHP ba shi ne ingancinsu ba malam. Na karɓi wani aikin Laravel da aka gina wa wata cibiya, duk lissafin a cikin fayil ɗaya mai layi dubbai, kalmar sirrin rumbu a rubuce a fili, ba Git (ma'ajiyar tarihin kod) ba komai. Sake ginawa ya fi gyaran sauƙi. Araha ba ta ado.

Sani_PHP: Wannan laifin mai ginin ne ba na Laravel ba. In ka ba shi Next.js ma haka zai yi maka, har ma ya fi muni.

Aisha_Py: Ba wanda ya ambaci Django, tsarin gina shafi da yaren Python, ko don ba ya cikin takardun? Don irin wannan aikin shi ne ya fi sauƙi a wurina, saboda yana zuwa da shafin gudanarwa a shirye, ka bayyana teburanka kawai sai ga wurin da akanta da magatakarda za su shigar da bayanai. A gidan jarida aka ƙirƙire shi a Kansas ta Amurka, aka sake shi 2005, dama don a yi aiki da sauri aka yi shi. Inda yake da ɗan wahala shi ne ɗora shi a ƙaramin hostin na haɗaka, yawanci sai VPS.

Ummu_Safiyya: Aisha ƙanwata Laravel ma yana da Filament yanzu, kyauta, yana yin kusan abin da kike faɗa. Amma kin tuno min da wani lissafin da ba a sa a takarda, wato tsawon ran kowace siga. Laravel duk shekara sai ya fitar da babbar siga, kuma shekara biyu kawai ake toshe mata ɓarakar tsaro. Django LTS, wato sigar da ake daɗewa ana kula da ita, shekara uku, .NET LTS shekara uku, Node LTS wata talatin. Ma'ana a cikin shekara biyar ɗin da Dan_Kurna ya tambaya babu ko ɗaya da zai kai ba a ɗaga shi ba aƙalla sau ɗaya, wani ma sau biyu. Duk wanda ya ce maka gini ɗaya an gama har abada bai san aikin ba ko kuma ya sani ya yi shiru. Ku tambayi waɗanda suka gina da AngularJS, Google ya daina kula da shi ƙarshen 2021 kuma sabon Angular ba ɗagawa ake yi ba, sake rubutawa ake. Haka masu Python 2 da aka rufe a Janairun 2020.

Mai_Linux: Ƙara da kamfanin hostin na Heroku. Shekaru mutane suna ɗora ƙananan ayyuka a tsarinsu na kyauta, Nuwamban 2022 aka rufe shi. Ko cPanel ɗin da Malam Sani yake taƙama da shi, a 2019 suka koma caji kan kowane asusu, kamfanonin hostin kuma suka juyo da kuɗin kan kwastoma. Kuma hostin ɗin da kake biya da naira, da yawansu sabar a Turai ko Amurka take, su ma da dala suke haya, shi ya sa sabuntawa take tashi duk shekara. Dalar tana nan, ta bayan gida take shigowa.

Dan_Maradi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku daga Maraɗi. Mu nan matsalar canji ba ta kai taku ba, don sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 ba ta motsi. In na kama VPS wurin OVH ko Hetzner a yuro biyar, jikka uku da 'yan kai ne bana, haka baɗi in ba su suka ƙara ba. To ina iya ba kwastoma farashin shekara uku hankali kwance. Namu ciwon kan shi ne hanyar biya da kuma ƙarancin masu aikin, in ka gina da abin da ba kowa ya iya ba to kai da aikin mutu ka raba. Shi ya sa nan PHP ta yi yawa, Laravel da Symfony.

Kano_Hustler: Ku dai kuna wahalar da kanku. WordPress da filogin ɗin makaranta, wato ƙarin manhajar da ake maƙala masa, kwana uku an gama, sama da kashi 40 na shafukan duniya a kansa suke.

Gwaggo_Tech: Filogin ɗin na kuɗi da za ka saya ko wanda ake saukewa a bayan fage?

Kano_Hustler: Gwaggo ki bar tone tone 😅

Injiniya_Zazzau: A'a ba abin dariya ba ne. Filogin ɗin sata sau da yawa da ƙofar baya yake zuwa, kuma ba ya samun sabuntawa. Nan bayanan yara ake magana, suna da hoto da ranar haihuwa da lambar iyaye. Dokar kare bayanai ta 2023 ta shafi makarantu, kuma bayanan yaro sai da amincewar iyaye. In aka kwashe, ba mai ginin za a fara nema ba, makarantar za a nema. Na halal ɗin kuma yawanci lasisin shekara shekara ne da dala, ka ga mun koma gidan jiya.

BabanHanifa: Wani abu kuma da ba a faɗa ba, datar iyaye. Yawancinsu da ƙaramar Android za su buɗe, wasu a unguwar da netwok ke rawa. Shafin da aka cika shi da JavaScript kafin ya buɗe uba ya gaji ya kira malamin aji. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 mutane suna lissafin kowane MB. Wannan kuɗin ba ya fitowa a takardar kowa amma wani ne yake biya.

Next_Gen_Kd: Next.js ai a saba yake haɗa shafin kafin ya turo, don wannan matsalar ma aka yi shi. Kuna magana kamar React ɗin 2016.

Ummu_Safiyya: In mai ginin ya iya ba. In kuma Firebase yake kira kai tsaye daga burauza kamar yadda yawanci suke yi, sai wayar ta sauke kayan Firebase ɗin tukuna.

Dan_Kurna_dev: Jama'a na gode, kaina ya ɗan yi nauyi amma na fahimci abubuwa. In na gane daidai, na farko zai fi sauƙin haya da sauƙin samun mai gyara, na biyu arahar farko ce da dala a gaba, na uku a tambaye su batun lasisi. To in na ce wa Alhaji Laravel na yi daidai?

Sakkwato_Coder: Ka yi daidai.

Injiniya_Zazzau: Ban yarda ba tukuna. Mai Laravel ɗin mutum ɗaya ne ko yana da abokan aiki? Ya taɓa yi wa wata makaranta ka je ka gani da idonka ranar da ake shigar da maki, malamai talatin a lokaci ɗaya a kan hostin na haɗaka? Don a nan ƙananan hostin suke durƙushewa, sai a ce a koma VPS, sai kuma a nemi mai kula da VPS ɗin.

Mai_Linux: Ko wa aka ba, a rubuta waɗannan a yarjejeniya. Domen, wato adireshin shafin, da sunan makaranta za a yi rajista da imel ɗin makaranta, ba na mai gini ba, in .ng ne ma da naira ake biya ta dillalan NiRA, ƙungiyar da ke kula da .ng. Asusun hostin haka. Kod ɗin a ajiye a GitHub na makaranta. Bakof, wato kwafin bayanan, kullum zuwa wani wuri daban, kuma a gwada dawo da shi a gaban mutum. Na ga makarantar da ta rasa domen ɗinta saboda yaron da ya yi rajista ya canza lamba, suka koma buga sabon adireshi a kan allon ƙofa da takardun shiga. SSL kuma, wato shaidar tsaron shafi, kada a yarda a caje ku, Let's Encrypt kyauta yake bayarwa.

Aisha_Py: Sannan a tambayi mai Firebase in an rabu da shi ta yaya za a fitar da bayanan zuwa wani wuri. MySQL da PostgreSQL fayil ɗaya za ka fitar ka kai duk inda kake so.

Gwaggo_Tech: Ni har yanzu ba a ba ni amsa ba, wa zai biya 850 ɗin?

Kano_Hustler: Iyaye mana, a sa a cikin kuɗin PTA ba wanda zai lura.

Dan_Kurna_dev: Uwargida ta ce in aka ƙara ko naira ɗari a kuɗin PTA sai an yi taro uku. Injiniya, mai Laravel ɗin shi kaɗai ne amma ya ce ya yi wa makarantu biyu a Gwale, zan nemi ya kai ni ɗaya ranar Asabar. Kamfanin kuma na tura musu tambayar lasisin, sun ce sai Litinin injiniyansu zai amsa.

Next_Gen_Kd: Na biyun fa, shi ba za a ba shi damar kare kansa ba? Ka tambaye shi ko zai yarda ya bar Firebase ya yi da PostgreSQL a kan VPS ɗaya, ka ji nawa zai ce. In farashin bai motsa sosai ba to lissafin da kuka yi duk sai an sake shi.